Ajin Malam Lawali na Asabar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Bunguɗu, wai Malam Lawali ya rasu. 

Shi ya koya mana Turanci a sakandare. Ba na manta yadda ya koya mana mayar da tambaya zuwa zancen rahoto. Sai ya sa ɗaya ya raɗa wa ɗaya tambaya, shi kuma ya taka har gaban allo ya isar. In aka raɗa maka "Where do you live?" dole ka ce "He asked me where I lived." In ka juya kalmomin, sai Malam ya ce, "Kai, ɗan aike kake, ba kai ka yi tambayar ba. Koma ka ɗauko ta da kyau."

Ni na fi kowa komawa. Bai taɓa daka min tsawa ba.

Wata rana da ruwa ya tare ni, a mashin ɗinsa ya kai ni har garinmu Furfuri, ya koma gida jiƙe sharkaf.

Bayan ya yi ritaya, ya buɗe lesin kyauta a zaurensa duk Asabar, don yara masu shirin jarrabawar fita sakandare.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar mota ce nan Gusau, ya fito daga asibiti. Muryarsa ta dushe, sai da na sunkuya kafin na ji shi.

"Murya ta ƙi, Aminu. Mi zai hana ka riƙe min yaran ga har su yi jarrabawa?"

Na ce in sha Allahu Asabar mai zuwa.

Ban je ba. Wannan satin biki a Tsafe, wancan satin gajiya. Ya aiko wani direba ya tambaye ni ko ina lafiya, na ce a gaishe shi. Wallahi kunya ta ishe ni. Yau ɗansa ya ce min ko a Asabar ɗin da ta wuce Malam ya fito zaure, yana rubutu a allo yana nuni da hannu, don maganar ba ta fita.

Jarrabawar ta matso, yaran kuma suna nan. Asabar ɗin nan zan je, na san na makara.

Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya yafe min.