Kai Dai Ka Ce Amin

Shekarar da maigidana ya rasu muna zaune a unguwar Congo-Russia a Jos, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ciwon bai daɗe ba. Farkon damina yana zuwa garejinsa, kafin masara ta nuna mun binne shi.

Matan zumunta na cocinmu sun zo sun yi waƙa da addu'a, suka watse. Ni kuwa addu'a ta ƙi fita daga bakina. In na durƙusa na ce "Ya Uba", sai in tashi kawai. Har coci na daina zuwa, yara kawai nake turawa.

A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da atamfa, duk gidan Mama muke ce mata. Tun tana amarya ta zo Jos, amma Hausarta ba ta raba mace da namiji. Wata safiya ta shigo da kwanon gwate mai zafi, ta zauna a bakin gado, ta tambaye ni ko ina addu'a. Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini wa'azi ba, hannuna ta kama.

"Ba komai, 'yata. Ni zan yi. Kai dai ka ce amin."

Haka muka riƙa yi kullum kafin ta tafi kasuwa. Tana magana da Yesu kamar maƙwabcinta. Ta gaya masa ba na cin abinci, ta gaya masa kwanon ɗakina yana yoyo, autana kuma yana tari. In abin ya kai mata zuciya sai ta zarce da Yarabanci. Ba na ji, amma ina cewa amin.

Ran nan ruwa da ƙanƙara suka dake ta a hanya, washegari ta shigo muryarta a dishe. Ta durƙusa, ta nuna ni da yatsa, wato yau ni zan yi. Ba ta matsa mini ba. Da ƙyar na ce wa Ubangiji na gaji, ina kewar mijina. Kuka ya ƙwace mini. Da na samu numfashi sai na ji bakina yana cewa, "Ka riƙe mana shi har mu zo."

Baƙin cikin bai tafi ranar ba, amma Lahadin da ta biyo na ɗaura ɗankwali na bi yarana coci.

Daga baya ƙafa ta hana Mama kasuwa, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Bukuru. Nakan hau bas in je gaishe ta, in same ta a rana tana tsince wake. Takan tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, tana rikita sunayensu, har ta rasu.