Ni Aka Ɗaure, Muryata Tana Yawo

A shekarun da nake tashe, babu maƙogwaro a Katsina da ya kama ƙafar nawa. Idan na ce hadari na tafe, mata sukan kwashe shanya ko da rana na ƙwallewa. Na taɓa yi wa wani jaki sallama a hanyar Batagarawa, ya ja ya tsaya yana saurare, mai shi na ta jibgarsa. Abokaina sun ce jakin gajiya ya yi. Ko ma dai mene ne, wannan maƙogwaron shi ya ƙone gonar kawuna, shi kuma ya kai ni gidan yari. Don haka samari, dariyar ta isa haka nan, ku ba ni hankalinku.

A unguwar Gobarau aka haife ni, mahaifina maɗinki ne. Ya so in gaji keken ɗinki, amma ni bakina ya fi ƙafata sauri. Na ƙare a tasha ina kiran fasinja, ina kwaikwayon masu karanta labarai a rediyo, direbobi na dariya suna saya mini shayi. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Talaka ne ni, amma barcina lafiya lau.

A tashar nan wata mata ta ji ni. Sunanta Madam Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, ita ke shugabantar ofishin wata ƙungiya mai taimakon manoma. Aikinsu shi ne malaman gona su rubuta shawara, lokacin shuka, zuba taki, yadda ake gane ƙwari, sai a karanta a waya a tura ƙauyuka. Yawancin manoma ba sa karatun boko, saboda haka murya ake aikawa. A kowane ƙauye akwai mai babbar waya, shi zai kunna a majalisa bayan la'asar, kowa ya ji, a kuma tura wa na gaba. Mai karanta musu a lokacin muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Aka ɗauke ni.

Madam tana da doka guda da ba ta sassauci a kanta. Kowane saƙo sai na fara da kwanan wata, da yankin da ake nufi, da sunan ofishin. Nakan ce, "Madam, tsutsa ta san Talata ne?" Sai ta ce, "Tsutsa ba ta sani ba, Malam, amma manomi ya kamata ya sani. Shawarar da ta raya gona a farkon damina tana iya kashe ta a ƙarshe. Sake ɗauka." In sake, ina gunguni.

Kafin damina ta zagayo na zama Malamin Waya. Ni da ba na bambance ganyen wake da na gyaɗa sai an nuna mini, ga shi dattawa na cewa, "A bari mu ji abin da Malamin Waya zai ce." Abin ya hau mini kai. Na manta cewa ilimin na wasu ne, ni bututu ne kawai.

Akwai wani Alhaji mai shagon iri da maganin feshi wajen Ƙofar Guga. Ya fara da aiko mini da yadin shadda, wai yana jin daɗin aikina. Bayan nan ya ce ko zan ambaci shagonsa a ƙarshen saƙo, don manoma su san inda za su nufa. Na san Madam ba za ta yarda ba, sai na yi a tawa wayar, da irin sallamar da na saba, na tura wa masu manyan wayoyi. Na ce a raina ai talla ce, ba sata ba. Shago ya cika, aljihuna ya yi nauyi, na sayi babur.

Daga talla muka koma ƙirƙira. Wata damina, wake ya fara fure, Alhaji ya ce yana da kaya jibge ba sa tafiya. Ya ce, "Manomi ba ya fito da kuɗi sai ya tsorata. Tsorata mini su." Na zauna a bayan shagonsa na tsara magana: wai wata baƙuwar tsutsa ta ƙetaro iyaka, tana cinye gona kafin gari ya waye, maganinta ɗaya ne, mai jan murfi, kuma a ninka awo. Na fara da kwanan wata saboda sabo, Alhaji ya ɗaga hannu. "Cire wannan. Bari ya yi mana aiki har baɗi." Na cire. A gefena wasu ƙarti na ɗura ruwan magani daga jarkoki marasa suna zuwa cikin kwalabe. Na gan su da idona. Na juya musu ƙeya, na gyara murya, na ɗauka. Wallahi ban taɓa karatu mai daɗin na ranar ba.

Kwana kaɗan sai ga Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye bayan Batagarawa. Waken nan shi ne cinsa, shi ne suturar iyalinsa, kuma duk kaka sai ya aiko wa gidanmu da rabonmu. Ya same ni a ƙofar gida, bayan mun gaisa ya ce, "Ɗan nan, wanga saƙo na tsutsa, daga ofis ya hito? Don ni na duba gonata ban ga komi ba."

A nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Da na ja shi gefe na ce kada ya saya, da ya tsira. Amma na san Kawu, ba zai tsira shi kaɗai ya bar maƙwabta ba, kafin magariba duk ƙauyen sun ji. Sai na yi dariya na ce, "Haba Kawu, ba ka ji muryata ba?"

Ya ce, "Na ji. Shi ya sa na zo in ji daga bakinka." Ya tashi ya nufi shagon. Ni na kai shi a babur ɗina.

Ashe cikin jarkokin nan har da maganin kashe ciyawa. Duk wanda kwalbarsa ta fito daga ciki, ya kuma ninka awo kamar yadda na ce, gonarsa ta koma kamar an bi ta da wuta. Fure ya zube, ganye ya nannaɗe. Ta Kawu na ciki.

Manoma suka cika ofis da ƙonannen ganye a hannu, suka kunna wa Madam saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mutanen nan ba muryarka suka yarda da ita ba, gaskiyar da muke sa maka a baki suka yarda da ita." Kafin 'yan sanda su isa shago, Alhaji ya ƙetare iyaka. Shi bai bar murya a ko'ina ba. A kotu aka kunna tawa, ta cika ɗakin, da sallamarta da komai. Aka yanke mini ɗauri.

Gidan yari ba wurin barkwanci ba ne. Na gwada a makon farko, wani ya ce in rufe masa baki ko ya rufe mini. Abin da ya fi ƙunci da wake mai tsakuwa ciwo shi ne ziyarar mahaifiyata. Ita ta gaya mini Kawu ya sayar da sansa na huɗa, ya tafi cin rani da furfurarsa. Ta ce bai zage ni ba, ya dai rantse ba zai ƙara sauraron saƙon waya ba. Da damina ta gaba tsutsa ta zo da gaske, ofis ya yi gargaɗi a kan lokaci, ƙauyensu suka ce a kashe wayar. Suka sake yin asara. Wannan ma a wuyana take, ko da alƙali bai lissafa ta ba.

Da na fito, gidan Kawu na fara zuwa. Na durƙusa a zaure. Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mini fura, amma hirarmu ba ta wuce gaisuwa ba, har yau kuwa haka take. Na koma tasha, na ce shi ke nan, na biya bashina.

Ban biya ba. Wata rana ina cikin motar kasuwa, wake na fure a gonaki, sai na ji sallamata daga kujerar baya. Wani saurayi ne ke kunna wa na kusa da shi, yana cewa yanzun nan aka turo, tsutsa ta shigo. Tsohon saƙon nan nawa ne. Saƙon ba shi da rana, ba shi da gari, don haka kowace damina sabo ne, kowane ƙauye nasu ne. Kuma wasu macutan sun gane, suna ta ɗura abin da suka ga dama a kwalba mai jan murfi, tunda ga mai talla kyauta.

Na je wurin Madam da kunyata. Ta yarda na ɗauki saƙon ƙaryatawa, da kwanan wata da komai, aka tura. Bai yi nisa ba. Mutane sun fi tura abin tsoro a kan gyara. Shi ya sa yanzu, in damina ta tsaya, nake bin kasuwannin ƙauye da ƙafata, ina faɗa da bakina.

Ku samari, ku ne masu wayoyin, ku ake miƙa wa a ce kunna mana. Kafin ku kunna wa iyayenku saƙon noma, ku tambaya: wa ya faɗa, yaushe, kuma da wane gari yake? In babu amsa, kada ku tura, ku nemi malamin gona ya zo ya ga gonar da idonsa. In kuma Allah ya ba ku wani abin da mutane suka amince da shi, kada ku ba da hayarsa ko don yadin shadda. Ni daga shadda na fara. Shekarun ɗauri suna ƙarewa, amma abin da ka saka a waya ba ya dawowa.

A daminar da ta wuce na isa wani ƙauye na tarar da majalisa ana sauraron saƙon, wani dattijo riƙe da kwalba mai jan murfi. Na yi sallama na ce, "Baba, don Allah kada ka fesa. Ni ne mai maganar nan, kuma ƙarya na yi. Har ɗaure ni aka yi a kanta." Na maimaita musu sallamar don su gane. Suka gane kuwa. Dattijon ya dube ni daga hula har silifa, ya dubi wayar, ya cusa kwalbar a aljihu.

Ya ce, "To, Malam, mun ji. Amma shi na cikin wayar malamin gona ne. Kai ko da bakinka ka ce daga gidan yari ka hito."