Shekarar da Yahaya Ya Sayar da Iskar Gonarsa

Yahaya taubashina ne, shi ɗan mace ni ɗan namiji, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Gidansa na wani ɗan ƙauye kudu da Maijirgi, tafiyar rabin awa a amalanke idan jakin ya tashi da niyya. Ya haura shekara sittin, gajere ne kakkaura, ga taurin kai, har ban san wanda ya koya wa wani ba tsakaninsa da jakin. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ni na yi, har na koyar shekara talatin a Tasawa kafin in ajiye alli, shi ya sa yake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. In yana son ɓata mini rai sai ya ƙara da "marar gona".

To, shi kam yana da gona, wannan ba gardama. Gawo kaɗai ya fi ɗari a cikinta, ban da kalgo da aduwa. Kuma ba haka ya gaje ta ba. A shekarar yunwa ta tamanin da huɗu fili ce fetal, gawo biyu rak, iska ta binne masa shuka har sau uku. A shekarar ne wani Bafillace mai suna Bube ya gangaro daga arewacin Mayahi da shanu huɗu, ragowar garken sittin. Duk inda ya nufa sai a ce ya yi gaba. Yahaya, lokacin yana sabon ango, ko abin kai wa baki bai ishe shi ba, ya ce masa ya sauka a gonarsa.

Tun daga nan abin ya zame musu al'ada. Da an kwashe hatsi sai Bube ya iso, ya kafa bukka a gindin babban gawo. Shanu su ci kara da ƴaƴan gawo, su bar taki. Matar Bube ta aiko da ƙwaryar nono, Hawwa matar Yahaya ta mayar da ita cike da hatsi. Da damina, Bube ya koma arewa, sai ka ga tsiron gawo na fitowa daidai inda shanu suka kwana. Sauran manoma in sun ga irinsa sassabe shi suke. Yahaya sai ya bi shi da ƙaya yana kewayewa. An yi masa dariya ba kaɗan ba, har da ni. Ana cewa rago ne, ya bar daji ya ci masa gona. Ya toshe kunne. Kusan shekara arba'in suna haka shi da Bube, ba takarda ba shaida, shi ya ce masa "Bahillace ɓarawon kara", wancan ya ce masa "Kaɗo mai cin tuwo da safe".

Sai ga wata farar mota katkat wata bazara. A ciki akwai wata Baturiya doguwa, Madam Marika, wakiliyar wani kamfani na Turai. Meri, wato ofishin magajin gari, ta aiko a neme ni in yi tafinta, tun da faransancina bai gama tsatsa ba. Aka taru a ƙofar maigari, ta yi bayani, ni kuma na yi ta gumi ina juyawa. Wai masana'antun ƙasarsu hayaƙi ya yi musu yawa, itace kuma yana shan hayaƙi ko daga ina ya taso. Saboda haka masu masana'anta za su biya wanda ya raya itace, kamfaninta shi ne dillali a tsakani. Ba itacen za su saya ba, ba gonar ba, aikin da itacen ke yi wa iska kawai.

Sai Yahaya ya gyara murya ya ce, "Mushe, tambaye ta, da mi za ta auna? Da tiya ko da buhu?"

Aka fashe da dariya, ita ma da na fassara mata ta yi. Mu da muka saba sayar da gyaɗa da wake, yau ga mai sayen iska har gida, kuma ba mahaukaciya ba ce.

Gaskiya ɗaya ce, matar nan ta yi ƙoƙari. Wata takwas ta yi a Yamai tana bin biro-biro na ma'aikatun gwamnati kafin a ba kamfanin izini. Ta gaida ferefe, wakilin gwamnati a yankinmu, ta gaida maigari da goro, ta sa an yi wa kowace gona takardar shaida don kada magada su taso daga baya. Ta koyi "ina kwana" da "ina gajiya", ta ci tuwo da hannu har miya na bin gwiwar hannunta. Amma baƙo makaho ne ko da yana da ido. Da ta shiga gonar Yahaya ta riƙe baki, ta tambayi shekarun itatuwa, ta tambayi yawan ruwan sama, ta auna kaurin kowane gawo da igiya. Ba ta tambayi wanda ya shuka su ba.

Ta ce gonar nan ita ce za ta zama gonar gwaji, wadda za a nuna wa masu zuba jari a can ƙasarsu. Sai dai da sharaɗi. Kamfani sabon tsiro yake so ya ga yana ƙaruwa, dabba kuma tana cin tsiro, don haka za a kewaye gonar da waya, kada ko akuya ta shiga.

Na fassara kalma-kalma, na kuma tsura wa Yahaya ido. Kowane yaro a ƙauyen nan ya san ƙwayar gawo tauri gare ta, ba ta cika tsira ba sai ta bi ta cikin dabba. Yahaya ya fi kowa sani. Amma idonsa ba ya kaina. Yana kan zanen da Madam ta nuna na allon da za a kafa bakin hanya, da hotonsa da sunansa da manyan baƙaƙe. Kuma waɗanda suka shekara arba'in suna kiransa rago duk ga su nan zaune suna kallo. Wallahi ba kuɗin ne ya ja shi ba, na san taubashina. Ya dangwala yatsa.

A hanyar gida na ce, "Bube fa?"

"Zan gaya mishi."

"Yaushe?"

"Kai Mushe, ka cika tambaya kamar ranar jarrabawa."

Bube na da salula, Yahaya na da lambarsa. Damina ta zo ta wuce. Hawwa ta yi magana har ta gaji. Kullum sai ya ce gobe, yana neman yadda zai fara. Ni ma da nake zaginsa ban kira ba, na ce ba ni na kashe zomon ba, alhali rataya kam an ba ni.

Da kaka Madam ta dawo ƙirga. Tsiro ya fito ko'ina, fiye da ɗari biyu, don takin bara na nan a ƙasa. Ta yi murna, ta ce kun ga amfanin waya. Aka kafa allo, Yahaya ya sa babbar rigarsa ta Salla ya tsaya kusa da hotonsa, ana ta ɗaukar wani hoton. Kwana uku bayan haka Bube ya iso.

Ina wurin, da hantsi ne. Shanun sun san hanya, ba mai kora su. Wata tsohuwar farar saniya ce a gaba, tana sauri kamar mai komawa ɗakinta, sai ta ci karo da waya. Ta tsaya. Na baya suka taru a kanta suna kuka, ga kara a tsaye, ga ƴaƴan gawo sun fara zuba, suna gani. Bube ya saɓa sandarsa ya zagaye gonar kaf da ƙafa, ya dawo ya tarar da ƙofa da kwaɗo. Sai ya tsaya gaban allo ya daɗe yana dubawa.

"Kaɗo," ya ce, "ka yi kyau a hoto."

Yahaya ya shiga kame-kame, shekara guda ce kawai, Turawa ne suka ce, ai za a san yadda za a yi.

Bube ya ce, "Gonarka ce, Yahaya. Amma da ka aiko mini, da na san abin da zan gaya musu." Ya nuna shanun da haɓa.

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ran nan, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Kafin wani ya sake magana sai ga Isufu, maƙwabcin gona, wanda kamfani ya ƙi ɗauka saboda gonarsa ba ta da ko inuwar ɗaure jaki. Isufu ba wawa ba ne. Ya ce, "Malam Bube, ga wuri nan, ba waya ba kwaɗo." Bube ya kaɗa shanu ya bi shi.

Ranin nan Yahaya ya rame. Ga bukkar Bube can yana hangowa ta cikin waya, taku ɗari bai cika ba, amma kunya ta hana shi ƙarasawa. Ƙwaryar nono ta koma gidan Isufu, Hawwa kuma duk ranar da ta dama fura da ruwa sai ta tuna masa dalili. Sau ɗaya ya cika buhu da ƴaƴan gawo ya ce in kai. Na kai. Bube ya yi godiya sosai, sannan ya ciro kuɗi ya biya, daidai farashin kasuwar Maijirgi. Da na miƙa wa Yahaya kuɗin sai da ya zauna, kamar na mare shi. Daga nan Bube a kasuwa yake sayen ƴaƴan gawonsa, na Yahaya kuma suna zube a ƙasa gara na ci.

Wata damina ta wuce, kaka ta zo, Madam ta dawo da na'urar ƙirgarta da fara'arta. Ta shiga gona ta fito, ta sake shiga. Sabon tsiro goma sha ɗaya. Ta ce ko ruwa ne bai yi ba bana? Muka ce ruwa ya yi, alhamdu lillahi. Ko ƙwari ne? Muka ce babu. Tana cikin juye-juye idonta ya faɗa ƙetaren waya. Gonar Isufu, wadda ta raina, tsiron gawo ne birjik kamar an yafa.

Ta nufi can, mu kuma muka bi ta kamar ƴan rakiyar amarya. Bube na zaune bakin bukka, satinsa biyu da dawowa. Ta ce in tambayi mai gonar wane iri ya shuka. Isufu ya sosa ƙeya ya nuna Bube. Bube ya tashi, ya sa sanda ya fasa wani busasshen kashin shanu, ya tona da yatsa ya ciro ƙwaya uku masu sheƙi, ya zuba mata a tafin hannu.

Ta duba ƙwayar, ta duba shanu, ta waiga ta duba wayar da kamfaninta ya kashe wa dukiya. Sai ta dafe kai ta yi ta dariya har da hawaye. Da ta nutsu ta ce, "Kun sani duka? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na fassara. Kowa ya sunkuyar da kai. Yahaya ya ce a hankali, "Ba ta tambaya ba."

Hawwa, da ta biyo mu da tulu a kai, ta ce, "Mushe, kada ka juya mata wannan. Ce mata allo ya gani."

Na juya mata duka biyun, ai aikina ke nan.

Madam ba ta yi girman kai ba. Ta rubuta wa manyanta, aka ja wata huɗu ana kai da kawowa, daga ƙarshe aka gyara kwantara, wato takardar yarjejeniya: in an kwashe hatsi a buɗe wa shanu, tsiro kuma a kewaye shi da ƙaya, wato dai abin da Yahaya ke yi tun ba a haife ta ba. Aka sa gonar Isufu cikin tsarin. Har Bube ta so ta yi wa takarda, ya ce a bar shi, yatsansa na tatsa ne.

Ranar da aka cire kwaɗo Yahaya bai aike ni ba, da ƙafarsa ya je. Ya tsuguna gaban Bube ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun shekara biyu. Ya ce gindin babban gawo na nan a share.

Bube ya ce, "Na yafe tun bara, Kaɗo. Amma Isufu ya buɗe mini ranar da nake tsaye a rana da shanu. In na tashi na bar shi don taka ta fi inuwa, na yi mishi abin da ka yi mini."

Yahaya bai yi gardama ba, karo na farko a rayuwarsa.

Yanzu wasu makiyayan ke sauka gonarsa, yau wannan gobe wancan, tsiro kuma ya fara dawowa. Allon na nan, rana ta cinye hoton, hular kawai ake ganewa. Amma duk rani, kafin baƙin shanu su taɓa, Yahaya zai tsince ƴaƴan babban gawo, ya cika amalanke, ya kora jaki zuwa gonar Isufu. Bube ba ya biya yanzu. Shayi yake dafawa, su zauna su yi ta zagin juna har azahar.

Makon jiya na tare shi a hanya da lodinsa. Na ce, "Kai taubashi, kana da hankali kuwa? Gawonka, jakinka, guminka, su tsira a gonar Isufu, kamfani ya ƙirga wa Isufu!"

Ya ce, "Na sani, Mushe."

"To don mi?"

Ya ɗan daki jakin ya ce, "Can Bube yake."