Gwangwanayen Injin Niƙana

Har yau in ƙwan lantarki ya yi ja ya dushe, sai raina ya ɓaci.

Zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya koma "kamarad", ina da injin niƙa a garin Jugu. Shi maigidana ya mutu ya bar mini, da shi nake ciyar da marayuna. Aibinsa ɗaya: da na kunna, fitilun layinmu sai su dushe. Delegen unguwa, wato wakilin gwamnati mai tara mu yana karanto mana dokokin jam'iyya, ya zo har ƙofa. "Kamarad Hajiya, kina shanye wa talakawa wuta. Ki gyara, ko mu rufe."

Na hau mota sai Paraku, wajen yayana da ke naɗin wayar injuna a unguwar Banikanni. Ya ce, "Ke, injinki ba ɓarawo ba ne. Yana jawo wuta fiye da wadda yake ci, ya maida, ya sake jawowa, wayar layin ta cushe a banza." Ya biyo ni da wasu gwangwanaye da suke kira kondansater, ya ɗaura a gefen injin. Wai kamar ka aje randa a ɗaki ne, ka huta da zaryar rijiya.

Wallahi ya yi! Ina niƙa masara, fitilu tar. Delege da kansa ya leƙo, ya tambayi yaya ko yanzu waya ta samu sarari. Yaya, bawan Allah, ya ce sosai ma.

Ashe tambayar da manufa. Kafin wata ya mutu, ƙanin delege ya kafa injin walda a layinmu. Fitilu suka koma gidan jiya, har sun fi da. Wa aka ce? Ni! A taro na miƙe, na ce a kashe nawa a gani. Delege ya ce in zauna, mai jari-hujja ba ta da bakin magana. Jari-hujja! Ni da zanena biyu?

Mutanen delege suka buga wa ƙofar ɗakin injina kwaɗo. Na koma soya ƙosai, babbar 'yata ta bar makaranta tana ɗaukar mini talla.

Da magariba ina bakin kasko, ina kallon fitilun maƙwabta suna dushewa, injina a kulle. Su ma suna kallo. Waɗanda na yi shekaru ina niƙa wa hatsi, babu wanda ya tsaya mini.