Gayyar Mutum Ɗaya

Idirisa mai faci taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da wurin kai ƙara. Rumfarsa tana bakin hanya a Sabon Gari, nan Maraɗi. Matarsa Atika ta rasu, 'ya'ya sun gangara Najeriya, gonar gado ta Tsibiri kuwa an sayar tun shekarar fari. Abin da ya rage masa: famfon iska, bahon ruwa, tsohon rediyo, da kaset guda.

Kaset ɗin na Sha'ibu Mai Ganga ne, makaɗin noma na Jiratawa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya ɗauka a wurin gayya a Tsibiri, Idirisa yana ango. A ciki Sha'ibu yana kiran manoma ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan mutumina: "Idi angon Atika, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba." Daga nan sai ka ji guɗa. Atika ce.

Kullum shi yake saurare. Bayan taron ƙasa gari ya cika da jam'iyyu, kowane makaɗi ya sami hula da ɗan takara, amma Idirisa na nan da gangarsa ta noma. Nakan ce masa, "Kai da ba ka da ko kunyar gero ɗaya, wa kake yi wa noma? Taya?" Sai ya ce, "Yi shiru, ta kusa guɗa."

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye, rediyon ya cinye kaset ɗin. Mun liƙa, mun naɗe da biro, a banza. Idirisa ya daina hira. Ya yi faci, ya karɓi kuɗinsa, ya zauna yana kallon baho.

Ganin haka na ɗora shi a babur, tsakiyar damina, sai Jiratawa.

Muka tarar da Sha'ibu ya tsufa, da hular jam'iyya a ka, gangar noma rataye a zaure ta sha ƙura.

Idirisa ya durƙusa. "Baba, waƙar gayyar Tsibiri nake roƙo. Sau ɗaya."

"Ɗana, da ta zaɓe ce da na yi maka a zaune. Gangar noma ba ta magana sai hauya na ƙasa. Haka na gada."

Na ce, "Baba, a yi masa rangwame mana. Rabonsa da hauya tun kafin a haifi dimokuraɗiyya."

"Kai wane ne?"

"Direbansa."

"To direba, ga gonata can ciyawa ta cinye, samari duk sun bi motocin siyasa. Hauya biyu gare ni."

Na ce ni bayana na gwamnati ne, yana yajin aiki.

Idirisa ya tuɓe riga. Sha'ibu ya cire hular, ya rataya ganga, ya bi shi a baya. Ni ina gindin gawo ina tsaron takalma. Gayya ke nan: manomi ɗaya, makaɗi ɗaya, rago ɗaya.

Tsohon bai manta kowa ba. Ya kira Hamidu, ya kira Abdulmutallib, ya kira sauran manoman gayyar, duk suna kabari. Ba mai amsawa sai hauyar Idirisa. Sannan ya ɗaga murya: "Idi angon Atika, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba!"

Idirisa ya tsaya cak, hauya a sama, ya karkata kunne wajen bakin gona. Sha'ibu ma ya dafe gangar. Ba komai sai iska cikin gero.



Can Idirisa ya sauke hauyar, ya gama kunyarsa har ƙarshe. A hanyar dawowa ya ce daga bayana, "Jibi za ka sake kawo ni. Akwai sauran ciyawa."