Motar da Aka Haifa da Karkarwa

Makaranta dai aji biyu na yi aka gaji da ni, ni ma na gaji da su. Kunne ne jarina. A garejina na Ikara inji na kukansa zan gaya maka inda ke masa ciwo, ko in ƙirƙiro masa ciwon idan ban ji komai ba.

Wata damina aka jawo mini wata doguwar mota daga Makarfi, ƙirar Amurka, bonet ɗinta kaɗai ya isa a shanya barkono. Ta wani tsohon hedimasta ce, Kirista, wanda ya gaje ta a hannun wani likita Bature. Babban ɗan hedimastan da ya kawo ta ya ce ta daɗe a ajiye, tsohon yana asibiti a Zariya, kuma abu ɗaya yake roƙo: ranar da aka sallamo shi ya ji kukanta. Ya ja mini kunne cewa kayan injin nan babu su a ƙasar nan, abin da ya lalace ya tafi ke nan.

Injin silinda takwas ne, kafireta mai ba shi mai kuwa biyu. Na wanke su, na sa fulogi, na zuba mai, ta tashi. Sai dai a tsaye ba ta zama lafiya. Tana bugawa tana tsallakewa, jikinta duk yana rawa kamar mai zazzaɓi, kofin shayina ya sauko daga kan bonet da ƙafarsa. Na ce shi ke nan, na taɓa wani abu.

Kwana huɗu ina kanta da sukudireba. In juya wannan sukurun kafireta, in saurara, in juya wancan. Tuwo ya daina wuce mini. Wani abokin sana'a daga Kudan ya leƙo, ya ce in fito in faɗi gaskiya tun da wuri, na ce masa ya koma ga injinan rake da ya saba. Yana tafiya na zauna a kan taya. Ina ta hango tsohon nan ya fito daga gadon asibiti ya tarar na kashe masa abin da ya riƙe shekara da shekaru.

A rana ta biyar na shaƙe mata mai har ta yi laƙwas. Tana kuka siriri, lafiya lau, kamar keken ɗinki.

Da aka sallamo tsohon, aka kawo shi da hantsi, yana dogara sanda. Muka gaisa, na yi masa ya jiki, na murza makulli ina murmushin da ban san inda na samo shi ba. Ya karkata kai ya daɗe yana saurare.

"Injiniya, ina karkarwar?"

Na ce ai na yi maganinta, Baba.

Ya zauna a benci a hankali. Ya bayyana mini cewa tun daga masana'anta aka ƙera injin don tsere, tsayuwa ba ta karɓe shi ba, rawar nan ita ce lafiyarsa, kuma ita ya yi ta ji a kunnensa yana kwance. Bai yi faɗa ba. Da ma zagina ya yi, da na samu abin riƙewa.

"Za ka iya mayar mata?"

Ban ƙirga juyin sukuru ko ɗaya ba cikin kwana huɗun nan. Na ce zan gwada, in shi zai zauna ya zama kunnena. Haka muka yi har la'asar, ni a sunkuye cikin bonet, shi yana ɗaga sanda in na matso, yana saukewa in na ɓace. Can motar ta fara tsallake bugu, bencin da yake kai ya ɗauki rawa. Ya rufe ido.

Na tambaye shi ko ita ce.

Ya ce, "Ta kusa. Ɗauke hannunka haka nan."