Akwatin Ajiyata Daga Ƙaura Zuwa Shinkafi da Zurmi

Ban taɓa shan wuyar tafiya irin wannan ba, kuma mutane suka ba ni ita, ba hanya ba.

Ni maƙeri ne a Ƙaura. Shekarar da aka canja hannun tuƙi, na kwashe rani ina ƙera akwatin ƙarfe mai tsawon mutum, ƙofofi shida, kowace da kwaɗonta. Baƙo ya zuba kayansa, ya kulle, ya riƙe makulli, ya shiga kasuwa ko masallaci hankali kwance. Wurin girka shi kawai nake nema.

Shinkafi

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka ɗora shi a bayan babbar mota roka. Direba ya ce, "Maƙeri, wannan kuɗin mutum biyu za ya biya." Na ce ya biya. A Badarawa ɗan sanda ya sa na buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga wayam sai ya ƙara zargina.

Da hantsi muka isa. Na sauke shi kusa da teburin wani mai shayi, Ɗan'inna, wanda fatake ke bar wa ƙunshinsu tun zamanin ubansa. Na yi bayani. Ya ajiye ludayi.

"Wato mu ɓarayi muke?"

"Ban ce ba."

"Kwaɗonka ya ce. Nan hannu ake ba ajiya, a ce amana. Tahi da abinka, Baba."

Sarkin tasha ya goyi bayansa. Ko shayi ya ƙi sayar mini. Na sha fura a tsaye, na kwana a zauren wani maƙeri.

Zurmi

Juma'a muka bi burji cikin wata tsohuwar akori-kura, haƙarƙarina duk ya bugu. Na girka shi nesa kaɗan da masallaci. Wani dattijo ya ce, "Kulle a ƙofar ɗakin Allah? Ka ji kunya." Na ce, "Alhaji, to me ya sa takalmanka ke hammatarka?" Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Aka ce in ɗauke kafin a tashi huɗuba.

Mutum guda ya taya ni cicciɓawa, wani Inyamiri mai gyaran agogo. Ya ce, "Ni wa zan ba amana? Ban san kowa ba. Da jakata nake shiga ban ɗaki." Na ce don irinka na yi shi.

Gida

Mun bi ta Birnin Tsaba, muka shigo Ƙaura da la'asar. Alhamdu lillahi, na gode wa maƙerin da ya ba ni tabarma da mai agogon nan. Matata ta ce, "Malam, a sa tukwane ciki mu huta." Na ce ko cokali ba zai shiga ba.

Da gari ya waye na tura shi a amalanke har bakin tashar jirgi, inda baƙi ke sauka. Ban tambayi kowa ba. Na haƙa rami, na binne ƙafafunsa da siminti, na zauna.